Dutsen Bakin Ƙofa

Colm ya ciro dutse daga kangon tsohuwar fadar ƙauyensu, ya kife shi a bakin ƙofa don takawa. Da almuru ya wanke ƙafafunsa da suka yini cikin kashin shanu, ya bar wa matarsa Nuala ruwan. Ƙyama ta sa ta watsar da shi waje da sauri, ba ta ce “A kauce!” ba, kamar yadda ake gargaɗin mutanen ɓoye.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata tsohuwa ce jiƙe sharkaf, tana warin rijiyar da kusu ya ruɓe a ciki. Nuala ta matsa gefe, ta ba ta hanya.

“Shigo, Inna, ki ji ɗumi.”

“Shekara ɗari shida ina kallon garin nan daga sama,” in ji tsohuwar, murya kamar ana goga dutse da dutse. “Yau an yi mini wanka da dauɗar mijinki.”

Nuala ta waiga. “Colm, mene ne a ƙarƙashin dutsen nan?”

“Ke, fuska ce kawai aka sassaƙa. Na fasa hancin don ya zauna daidai.”

Tsohuwar ta yaye mayafinta. A gurbin hanci, farin miki ne sabo, yana zubar da garin dutse.