Dannawa Biyu Daga Tagar Kicin

Da Auta ta san abin da zai biyo baya a safiyar nan, da ta bar oba-obarta inda take ɓoye ta, a bayan gwangwanin sukari. Amma ba ta sani ba. Ta leƙa ta hango Umma tana shanya can ƙarshen gida, ta dawo jikin tagar kicin, ta riƙe 'yar na'urar a tsaye daidai bakinta.

Ta danna, ta saki.

Ta sake dannawa, ta saki.

Daga can kan dutsen bayan gari, rifita ta amsa mata da ɗan kukanta: ƙit... ƙit.

Murmushi ya suɓuce mata. Ta rungume oba-obar a ƙirji, ta lumshe ido.

"Auta."

Ta juyo a firgice. Baba ne tsaye a bakin ƙofa, tasa oba-obar a hannun dama, eriyar na'urar tasa a hannun hagu. Ya kwance ta.

Shi da kansa ya koya mata ma'anar wannan. In kana neman wanda ke watsa sigina, ka cire eriya kuma har yanzu kana jin sa raɗau, to kun yi kusa, miƙa hannu kawai ya rage.

"Na zagaye unguwa, na zagaye kasuwa, na hau rufin shago," in ji Baba a hankali. "Ashe a kicin ɗina take."

Baba mai gyaran rediyo da talabijin ne, kuma shi ne shugaban ƙungiyarsu ta masu sha'awar magana ta rediyo, mai kula da rifitarsu. Rifita na'ura ce da suka kafa a kan dutse. Oba-obar hannu muryarta ba ta nisa, amma in ta kai dutsen, rifita sai ta ɗauka ta maimaita da ƙarfi, kowa ya ji har ƙauyukan kewaye. Ranar da Auta ta ci jarrabawar lasisi aka ba ta lambar kiranta, Baba bai iya cin abinci ba don murna. Ya zaunar da ita a teburin aikinsa, cikin ƙaurin dalma, ya saita mata komai.

"Rifita gida ce mai ƙofa biyu, uwata. Ta nan muryarki ke shiga, ta nan take fita. Ga kuma wani ɗan sauti da kunne ba ya ji, shi ne makulli, in babu shi za ki yi ta surutu ke kaɗai. Ki fara saurare tukuna. In ba kowa, ki danna, ki ɗan dakata, sannan ki faɗi lambarki. Abu ɗaya ne ban yarda da shi ba: mutum ya danna ya yi shiru. Kamar ka ƙwanƙwasa ƙofar mutane ne ka ruga."

Har zuwa wannan safiya Auta ba ta taɓa furta kalma ɗaya a rifita ba. Duk sanda Baba ya matsa mata, sai ta ce kunya take ji, mutane da yawa na saurare.

Akwai kunyar, amma ba ita kaɗai ba ce.

Akwai Ɗan Sama.

Haka 'yan ƙungiya ke kiransa, don sana'arsa hawan dogayen ƙarafan eriya. Shi ke gyara ta kan dutse kyauta. A shagon Baba suka fara haɗuwa, ya zo karɓar waya ita kuma ta kawo abincin rana, ya tsaya yana kallonta har ya tafi ya bar wayar. Bayan wata biyu ya zo da maganar aure, Baba ya saurare shi har ƙarshe, ya ce a'a. Ya sa Auta ta yi alkawari ba za ta ƙara yi masa magana ba, ko a waya ko a hanya.

Ta cika alkawarin, ba ta yi magana ba. Amma ta san lokacin da yake fara hawa, sai ta danna sau biyu: ina nan, ka kula. In ya sauko ƙafarsa ta taɓa ƙasa, shi kuma ya danna sau ɗaya.

"Baba, ka yi haƙuri..." in ji ta. "Ban ce masa komai ba, wallahi."

"Na sani. Wayo kika yi mini."

"Wayo ne. Na sani."

Ya jawo kujera 'yar tsugunno ya zauna, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya ajiye eriyar a kan cinyarsa.

"Mai Batir ne ya gano Ɗan Sama," ya ce. "Sati guda yana bin sa a babur daga wannan ƙarfe zuwa wancan."

Auta ta cije leɓe. Mai Batir na da babban shagon kayan lantarki a bakin titi, kuma tun da Baba ya hana Ɗan Sama aurenta ya mai da gidansu hanya. Yau ya kawo wa Baba caja, gobe ya kawo wa Umma fitila, kullum da tambaya ɗaya a bakinsa: "Ƙanwata tana ciki kuwa?"

"Jiya muka kira yaron," Baba ya ci gaba. "Ya ce duk shi ne, da biyun da ɗayan. Ya ce a hukunta shi kaɗai. Yau da yamma, a taron da muke yi a rifita, za a sanar da korarsa daga ƙungiya, a kuma kai ƙararsa wurin masu ba da lasisi."

"Baba!"

"Ni kuwa kunnena ya tsufa a kan na'urar nan. Na san sautin biyun daban, na ɗayan daban. Shi ya sa na koma ƙofar shiga ta rifita na kasa kunne."

Hawaye suka zubo mata. "Ni na fara. Shi amsawa kawai yake yi."

"Ya kuma yi mini alkawari ba zai ƙara dannawa ba. Don haka kar ki jira. Yau ba abin da zai zo."

Ta ɗago da sauri.

"To yaya zan san ya sauko?"

"Ba za ki sani ba."

Tukunya na ta tafasa. Auta ta ɗauki wuƙa ta fara yanka albasa, don hannunta ya sami abin yi. Yankan ya fito manya-manya, a karkace. Ta ajiye oba-obar a gefen faranti, idonta na komawa kanta.

Umma ta shigo da bokiti, ta dube shi, ta dube ta.

"Yau kuma mai gida ne a kicin? Ko girkin za ka karɓa mu huta?"

Ba wanda ya yi dariya. Ta kalli eriyar da ke kan cinyarsa, ta gane. Ta ajiye bokitin.

"Ka gaya mata dalilinka dai," ta ce. "Yarinya ba dutse ba ce. Ka ce a'a ka yi shiru, me kake so ta yi da shi?"

Ta fita ta ja musu ƙofa.

Baba ya daɗe yana murza goshinsa.

"Kin san Baba Ƙarami a hoto kawai," ya ce. "An gaya miki haɗari ya yi. Ba na mota ba ne. Eriya muka je ɗaurawa. Shi ne a sama, ni ne a ƙasa riƙe da igiyar kaya. Yana yi mini tsiya ma, wai na cika tsoro, kaza ta fi ni zuciya... Ina kallonsa, Auta. Idona a kansa yake."

Ta ajiye wuƙar.

"Ni na je na gaya wa matarsa. Tana tsefe wa 'yarta kai na shiga." Ya murza eriyar da ke kan cinyarsa. "Yaron nan ba shi da aibu. Yana da kunya, yana da sana'a, in ya ɗaura kusa ba ta kwancewa. Da ɗa zan zaɓa, shi zan zaɓa. Amma ba zan iya zama ina kallon ki kina jiran ƙafar mutum ta taɓa ƙasa kullum ba. Ba zan iya ba, uwata."

Auta ta durƙusa a gabansa, ta dafa gwiwarsa.

"Baba, ka dube ni."

Ya dube ta.

"Ai jiran nake yi. Ka yarda, ina jira. Ka ƙi, ina jira. Ka raba ni da ganinsa, amma ba ka raba ni da tsoron ba. Abin da ka rage mini kawai shi ne ikon in tambaya ko ya sauko."



Iska ta taso ta buga tagar kicin. A waje, zanin gadon da Umma ta shanya ya kumbura ya naɗe igiya. Baba ya ɗaga kai ya kalli sama ta tagar, ya daɗe yana kallo.

"Wane ƙarfe yake yau?"

"Na bayan asibiti."

"Dogon nan?"

"Shi."

Ya yi tsaki ƙasa-ƙasa. Ya miƙe, ya zauna. Ya ɗauki eriyar ya mayar da ita kan oba-obarsa. Ya ƙara sauti. Ba komai sai shiru. Wani direba ya shigo rifita ya gaishe da abokinsa, suka yi zancen taya, suka fita. Shiru ya dawo.

Iskar ta sake bugawa, ta fi ta farko.

"Da warhaka ya saba saukowa?"

"Ya saba."

Gumi ya tsattsafo wa Baba a goshi. Ya share da hannun riga. Can ya miƙa hannu ya ɗauko oba-obar Auta daga gefen faranti, ya goge ruwan albasa da ke jikinta, ya miƙa mata.

"Kira shi."

Ta tsaya kallonsa.

"Da baki. Yadda na koya miki. Lambarsa, sannan taki."

"Baba, kowa zai ji..."

"Su ji. Kira shi, don Allah, kafin zuciyata ta faɗo."

Ta tashi ta je jikin taga. Ta saurara, ba kowa. Ta danna, ta ɗan dakata, ta faɗi lambarsa, ta faɗi tata. Muryarta ta fito siririya kamar ba tata ba.

"Kana ji na?"

Ta saki. Ƙit.

Shiru.

Baba ya riƙe gefen ƙofa.

Sai ga ƙara, sai ga huci, sai ga murya ta faɗi lamba a gaggauce, har tana tuntuɓe.

"Ina jin ki... Auta? Ke ce? Ina jin ki tas, sanyin idona, ina..." Ya katse, ya tuna inda yake. "Wato... siginarki na da kyau sosai."

Ta yi dariya, hawaye na shiga mata baki.

"Kana ina? Sama ko ƙasa?"

"Ƙasa. Tun da iska ta fara na sauko. Ina zaune a gindin ƙarfe, oba-oba a hannuna, yatsana a kan madanni, amma na yi wa Baba alkawari."

Baba ya sulale ya koma kan kujerar, ya rufe fuska da tafin hannu. Kafaɗunsa na motsi.

Rifita ta sake buɗewa. Mai Batir ne, ya faɗi lambarsa dalla-dalla.

"Shugaba, in kana saurare, ina tunatarwa. Wannan mutumin yau za a yanke masa hukunci. Bai kamata ya riƙa damun ƙanwata a nan ba."

Baba ya share fuska, ya ɗaga tasa na'urar, ya faɗi lambarsa.

"Ina ji. Mun gode da wahalar da ka sha, ka ƙona mai da yawa. Sai dai rabin aikin ka yi. Masu dannawa biyu ne, ɗayar ga ta nan gabana tana ƙona mana abinci. In kora ce, da 'yata za a fara, sannan ni da na koya mata. Mu bari sai yamma kowa ya faɗi ra'ayinsa."

Wani tsoho daga can ƙauye ya shigo yana dariya har da tari. "Ni dai ra'ayina, a ba mu ranar biki."



Baba ya sake dannawa, ya kira Ɗan Sama.

"Na'am, Baba."

"Igiyar da kake ɗaurawa a ƙugu, guda nawa ce?"

"Biyu, Baba. Ba na kwance ɗaya sai na maƙala ɗaya."

"Kullum?"

"Kullum."

"Ka kawo mini su shago in gani da idona. In ka zo..." Ya kalli Auta, ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. "In ka zo, sai mu yi maganar ranar da manyanka za su zo."

Da yamma ƙungiya ta yanke musu hukunci: Auta da Ɗan Sama za su riƙa karɓar sababbin shiga, suna koya musu saita oba-oba da yin sallama da lamba. Bayan damina aka ɗaura aure. Ranar da za a kai ta, Baba ya shige shago ya ce yana da gyaran gaggawa, Umma ta same shi zaune gaban rediyon da ba abin da ya same shi.

Auta ta taɓa roƙon mijinta ya bar hawa. Ya riƙe hannunta ya ce, "Zan bari, sanyin idona, in na koya wa wasu." Bai faɗi yaushe ba.

Har yanzu yana hawa. Duk ranar da iska ta tashi, Baba yakan ajiye abin da yake gyarawa ya fito ƙofar shago ya tsaya. Ko Ɗan Sama zai bar ƙarfe kafin ƙarfinsa ya ragu, ko kuma kullum zai riƙa saukowa lafiya, Auta ba ta sani ba, Baba ma bai sani ba.