Gammon Hadi

Duk wanda ya yi safarar kaya daga Dubai wajen shekarar dubu biyu da huɗu ya san Nafi'u mai sikeli. Mutumin Damagaram ne, ya yi lakwal, wato boko, har ya iya Faransanci, amma a Naif, unguwar fatake, da ido yake cin abinci. Awo yake yi a ofishin kago, wato aika kaya gida, na Alhaji Ɗalhatu, wani Bakano. Dilar kaya tana bakin ƙofa zai ce, "Sittin da huɗu." A ɗora, allura ta tsaya a sittin da huɗu cif. Allah ya ba shi wannan baiwa, shi kuma ya raina ta.

Doki ne ya shiga ransa. Duk Alhamis a lokacin sanyi yana filin sukuwa na bayan gari da wani baƙin littafi. A irin wannan tseren, dokin da ya fiye ci sai hukuma ta ƙara masa dalma a ƙarƙashin sirdi don a daidaita shi da sauran. Nafi'u ya haddace wannan lissafin. Yana rubuta nauyin kowane doki, da nisan da zai yi, da ko rairayi yake so ko ciyawa, da abin da ya yi a gudu ukun baya. Caca haramun ce a garin, a addini da a doka. Amma akwai Sabo mai shagon waya a unguwar Sabkha, wanda ke da mutum a ƙasar waje. Ka ba shi kuɗi ya buga waya a zuba maka su a kan doki, shi ke nan.

Lissafin Nafi'u ba ya ƙarya, sai dai ba ya kawo kuɗi. Dokinsa zai yi ta jan gaba, sai gab da layi a wuce shi da tsawon wuya.

"Kilo biyu, Sabo!" ya ce, yana dukan littafin. "Wallahi da ba su ƙara masa kilo biyun nan ba, da yau na bar wa Alhaji sikelinsa."

"Kullum kai kilo biyu. Ka je ka sauke masa mana, habibi."

"Kai dai ba'a."

Sabo ya daina dariya. Ya ce akwai wani tsoho a cikin jirgin katako a bakin ruwan Port Saeed, aikinsa ke nan, sauke wa doki kilo. Shi dai bai taɓa zuwa ba, kuma bai ce a je ba.

Da tsakar rana Nafi'u ya je, lokacin da 'yan dako suka fake wa zafi. Ya bi ta tsakanin tayoyi da buhunan shinkafa, ya sauka wani tsani zuwa cikin jirgin. Ƙasa duhu, ga warin kifi da man inji da wani wari kamar na mahauta. A tsakiya an rataye tsohon ma'auni mai faranti biyu da sarƙa. Farantin dama ya yi baƙi da busasshen jini, a na hagu an kifa muƙamuƙin doki. Jirgin yana rangaji a kan ruwa, ma'aunin ko motsi ba ya yi. Tsohon na tsugune gaban kurfotin gawayi yana narka dalma a gwangwanin madara. Ba a gane ƙabilarsa, amma Hausarsa tas.

"Mai awo," ya ce, bai ɗago ba. "Ni ba na sa doki gudu. Nauyi nake sauke masa."

"Shi nake so. Nawa ne?"

"Ajiye kuɗinka. Kai mai awo ne, ka taɓa ganin an cire kilo daga dila ya ɓace? Wata dilar yake komawa."

"To ina zai koma?"

"Kan mai ci daga hannunka. Kawo min abin da ya sha guminsa."

Nafi'u ya shiga abin da ya iya, wato lissafi. Kilo uku. Mace ma tana ɗauko fiye da haka daga kasuwa. Ga ƙanensa Hadi, uwa ɗaya uba ɗaya, Nafi'u ne ya yi masa biza, kwano ɗaya suke ci. Ƙato ne mai shekara ashirin da takwas, yana hawa bene uku da dilar kilo tamanin yana waƙa.

"Ba zai mutu ba dai ko?"

"Kilo uku na kashe ƙato?"

"D'accord. Na yarda."

Ya tambayi farashi, ya tambayi iyaka, aka ce kada ya wuce uku a kowane gudu. Abu ɗaya ne bai tambaya ba: yaushe ake saukewa.

Washegari ya sace gammon Hadi, wani tsohon rawani da yake naɗewa a kafaɗa. Tsohon ya shimfiɗa shi a farantin dama, ya yanka baƙar tattabara a kai, ya tsiyaya narkakkiyar dalma a cikin jinin. Ta yi ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Da ta daskare ya miƙa masa ita, ɗan curi kamar ƙwallon dabino. Ya ce in dawaki sun shiga ƙofar tashi, ya sa ta a ƙarƙashin harshe, ya kira sunan dokin, ya faɗi kilo. Gammon kuwa ya zauna a farantin.

Ranar Alhamis wani furden doki da kowa ya ce dalma ta yi masa yawa ya ci da tsawon jiki biyu.

Nafi'u ba wawa ba ne. Bai bar littafinsa ba, dokin da ya cancanta yake zaɓa, ya sauke masa uku, ya rubuta a gefen shafi. Kafin sanyi ya fita ya ajiye aikin Alhaji Ɗalhatu. Da sanyi ya zagayo yana da ofishin kago nasa a Port Saeed, da mota, da gida a hawa na bakwai. Ya ɗauko matarsa Safiya daga Damagaram. Ya aika wa Umma, mahaifiyarsu, kujerar Makka. Mutane suka ce kago ta karɓe shi.

Hadi kuwa ya fara da ciwon wuya.

"Yaya, ka san abin dariya? Na sauke kaya, amma kafaɗata ba ta samu labari ba."

"Raki ne, mon petit, ƙanena. Ka bar dako, ka dawo ofis ka zauna."

Ya bar dako, bai miƙe ba. Yana ramewa yana ranƙwafawa. Takalmin da ya saya yau, sati biyu ya lotse. In ya yi sujada sai an kama shi ya tashi. Likitoci suka ɗauki hoton ƙashinsa, suka ce irin bayan wanda ya shekara hamsin yana dako ne, suka ba shi ƙwayoyi. Wata safiya ƙafar gadonsa ta karye, shi kuwa a lokacin duk haƙarƙarinsa a waje.

Kada wani ya ce Nafi'u bai gane ba. Ya gane sarai. Sai ya ce wa kansa saura gudu huɗu sanyi ya ƙare, Hadi ya huta. Ya sayo masa katifa mai tsada, ya tafi fili.

Ranar Alhamis ta ƙarshe Hadi ya riƙe masa gefen riga daga kwance.

"Yaya, don Allah taya ni. Ko kaɗan ne, kama min gefe ɗaya in numfasa."

"Me zan kama? Babu komai a kanka."

"Akwai, Yaya. Kai da ka san nauyi, dube ni da kyau."

Nafi'u ya zare rigarsa, ya ce wa Safiya ta dama masa kunu. Dokinsa ya ci. Kafin ya dawo Hadi ya cika, fuska a ƙasa.

Umma ta yi waya tana kuka, ta ce a kawo mata ɗanta ta binne shi kusa da ubansa. Mutum shida suka kasa ɗaga makarar, sai da aka zama goma. Alhaji Ɗalhatu ne ya tsaya a kan takardun jirgin sama saboda zumunci, kuma dole a auna akwatin gawar kafin a karɓa. Allura ta tafi ta tsaya a ɗari biyu da goma sha shida.

"Sikelin nan ya lalace," in ji Alhaji. "Nafi'u, kai ne mai ido. Nawa ka gani?"

Nafi'u ya yi lissafin a zuci. Akwati arba'in. Hadi yadda ya rame, hamsin. Saura ɗari da ashirin da shida. Gudu arba'in da biyu, uku-uku. Ba sai ya buɗe littafin ba.

Ya koma jirgin katakon da gudu. Farantin dama ya sauka har yana taɓa katako, ba komai a kai sai gammo.

"Khalas, na daina. Ga dalmarka."

"Ka daina ƙari. Na baya fa? Ƙasa gawa take karɓa, ba ta karɓar kayan wani. Ran da aka rufe shi, kaya zai dawo gidanka."

"Kan wa?"

"Wa ya rage mai ci daga hannunka?"

Safiya, da cikin wata bakwai.

"Baba, ka yi wa Allah."

"Kada ka kawo wannan sunan nan, ba da shi ka shigo ba. Hanya ɗaya ce. Cire hularka ka ɗora a farantin, ka ɗauki abinka."

Nafi'u ya kai hannu kan hula. Ɗari da ashirin da shida, a kan mutum mai kilo sittin da takwas, har ranar mutuwa. Hannun ya sauko.

"Ba ni kwana biyu."

Tsohon ya ci gaba da fifita wutarsa.

Ga dabarar da mai lissafi ya fito da ita. Tunda mai ci daga hannunsa aka ce, sai ya sa aka dafa shinkafa tukunya uku, ya tsaya a lungun Naif yana zuba wa 'yan dako da hannunsa, wai sadakar Hadi. Mutum sittin da uku ya ƙirga, kilo biyu-biyu, ba wanda zai ji. Har addu'a suka yi masa. Ya koma gida yana jin ya fi tsohon wayo, ya manta cin rana ɗaya ba ya mai da baƙo ɗan gida.

Ranar Laraba da hantsi aka rufe Hadi a Damagaram. A daidai lokacin Safiya na tsaye a kicin. Hadi a hankali aka yi masa lodi, ita a lokaci ɗaya ya sauko mata. Maƙwabta sun ce sun ji kamar an yar da buhun siminti. Cikin ya zube, ɗa namiji. Da ta farfaɗo ba ta ƙara sanin kowa ba, sai rarrafe take tana cewa a sauke mata tulun, ta iso gida. Nafi'u ya ruga bakin ruwa da hula a hannu. Wani jirgin ya tarar a wurin, ana loda masa firji. Kwana goma sha ɗaya Safiya ta yi, ta cika.

Daga nan babu sauran mai ci daga hannun Nafi'u sai Nafi'u. A maƙabarta kayan ya same shi, ana gama rufe ta, gwiwoyinsa suka nutse a rairayi.

Ofis ya tafi, mota ta tafi, Sabo ya canja lamba. Umma ta ji yadda aka yi daga bakin fatake, ta ce kada a ƙara kiran sunansa a gabanta. Alhaji Ɗalhatu ne ya bar masa kwali a gefen sikeli. Nan yake yini a dunƙule, haɓa a kan gwiwa, ƙashi da fata, amma ƙarti huɗu ba sa gusar da shi. Idon dai yana nan. Dila ta wuce ya ce, "Saba'in da ɗaya," kuma haka ne. In ka tsaya kusa zai kama maka ƙafar wando.

"Ɗan'uwa, riƙe min kilo biyu. Biyu kawai."

Ba wanda ke amsawa, don kowa a Naif ya san labarin.

Ku masu zaman lissafin dawaki da ƙwallo, da masu neman wanda zai gajarta muku hanya, ku ji da kyau. Caca kaɗai ta isa ta tsiyata mutum, balle a haɗa ta da shirka. Duk wanda ya ce zai sauke maka nauyi bai ce ka biya ba, a cikin gidanka zai ajiye shi, kan wanda ya yarda da kai har yake cin tuwonka ba ya tambaya. Hadi har ya mutu bai san wa ya yi masa lodi ba. Yayansa yake roƙo ya kama masa.