Koren Ƙyallen Bagadi

Can da daɗewa, a wani ƙauye, an yi wata mata mai kaifin baki. Ita ce ke wanke ƙyallayen bagadin coci, tana sauya su gwargwadon lokaci.

Da Azumi ya zo, ta shimfiɗa ƙyalle mai launin shunayya, ta yi wa Allah alkawari ba za ta ƙara zagin kowa ba. Kwana arba'in ta kame bakinta. Da bikin Ista ya zo, ta shimfiɗa fari, aka sha murna. Da kwanakin biki suka ƙare, ta ɗauko kore, ta ce wa wani tsohon katikis, malamin cocin, "Baba, ni koren nan ya gundure ni. Ba azumi, ba biki, sai Lahadi bayan Lahadi."

Tsoho ya ce, "'Yata, dawa tana kore take girma, ba kuwa mai yi mata kiɗa."

Wata rana ta wanke koren, ta shanya a danga. Akuyar maƙwabciyarta ta zo ta tauna gefensa. Mutane suka taru, don sun san bakin matar. Wata ta ce, "Ai Azumi ya wuce, yau za mu sha kallo!"

Matar mai wankin ta buɗe baki, ta dubi ƙyallen, ta rufe. Ta sake buɗewa, ta sake rufewa. Can ta ce wa maƙwabciyar, wadda ta zo kama akuyarta, "Yaya, ko kina da koren zare?"

Tare suka zauna suka ɗinke shi.

Ranar Lahadi tsohon katikis ya shafa facin, ya yi murmushi, ya ce, "'Yata, dawa ta fara fid da kai."