Auta da Kwamfutar Makaranta

Auta tana aji shida. Ita ta rubuta wasan lissafi a kwamfutar gida, domin 'yan aji ɗaya. Idan yaro ya ci, kaza ta fito tana rawa.

Kwamfuta ba ta gane rubutun mutum kai tsaye. Sai an ba wata manhaja, kwampaila, ta juya mata shi. Ana rubuta wa kwampailar umarni a layi ɗaya, da 'yan haruffa masu gaya mata yadda za ta yi.

Yayarta, wadda aikinta ke nan, ta ce, "Auta, kwampailar makarantarku daban ce da tamu. Zo mu duba umarninta."

"Haba Yaya! Ai na haddace."

Ranar Laraba yara suka cika ɗakin kwamfuta na makaranta domin ganin wasan, wasu har a kan tabarma. Auta ta buga layin da ta saba. Allo ya cika da jan rubutu. Ta sake, haka. Ta sake.

"Ina kazar?" in ji wani ƙaramin yaro.

Aka kaɗa ƙararrawa, yara suka watse. Auta ta kifa kai a tebur.

Malama ta dafa ta. "Wasanki lafiyarsa ƙalau. Yaren wata kwampailar kika yi wa wannan. Na ba ki zuwa Juma'a."

A gida Yaya ba ta yi mata dariya ba. Ta ja layi a tsakiyar takarda, ta buɗe littafin bayanin kowace kwampaila.

"Wannan harafin, me yake nufi a tamu?"

"Sunan da za a sa wa wasan."

"To, nemo yadda waccan ke faɗin haka."

Auta ta nemo. Ashe haruffa biyu ne, ko kama babu! Wani umarnin ma ba shi da ɗan'uwa a can. Yaya ta karanta shafi uku a tsanake, ta haɗa umarni biyu suka yi aikinsa. Auta ta saki baki.

"Yaya, duk kin haddace?"

"Ina! Kullum sai na duba."

Ranar Juma'a Auta ta buga sabon layi. Kaza ta fito tana rawa, yara suka ɗauki ihu. Malama ta manna takardar a bango.

Daga ranar, Auta ta gane cewa abin da ya yi aiki a wani wuri ba lallai ya yi a wani ba. Ta koyi tambaya da dubawa kafin ta ce ta iya.