Awa Tara a Filin Ajiye Motoci

Wata safiyar Talata Tamsin ta shiga shagon burodin da ke bakin filin ajiye motoci a garin Redruth, ta ce a ba ta pasti ɗaya, irin burodin nan mai nama da dankali a ciki. Jowan mai shagon ya naɗe mata biyu.

"Ɗaya fa na ce."

"Na ji. Ɗayan ya karkace ne, ba mai saye."

Ta juya shi, ba inda ya karkace. To tun daga ranar yarinya ta koma zuwa sau biyu, da safe kafin ta wuce gidan kula da tsofaffi inda take aiki, da yamma kuma in ta taso. Motar da take hawa ta babanta ce, Denzil, tsohon direban bas, sunansa ne a takardunta.

Shi ya sa wasiƙar kamfanin da ke tsaron filin ta faɗo hannunsa. Awa biyu ake yi kyauta, amma ga hoton da na'urar filin ta ɗauka na motarsa ta shiga takwas da minti goma na safe, ga wani ta fita shida saura kwata. An ci shi tarar fam ɗari.

Ya shimfiɗa takardar kusa da kofin shayinta.

"Ashe aikin naki a shagon burodi yake?"

"Baba, wallahi ina wurin aiki. Sau biyu na je."

"Hotuna biyu na gani, ba huɗu ba. Zan biya, ba na son surutu. Ba ni makullin. Shi kuma mai fulawar nan kar in ga ƙafarsa a gidan nan."

Ba kuɗin ne ya dame ta ba. Tun rasuwar uwarta ba ta taɓa yi wa tsohon nan ƙarya ba, yau ga shi ya gaskata na'ura ya bar ta. Washegari tana cikin bas za ta aiki ta tura wa Jowan saƙo: "Baba ya ce wuni na yi a wurinka. Ya karɓe mota. Gobe zai biya."

Amsa ta zo nan take: "Tsuntsuwata, kar ya biya. In ya biya, ya yarda ke nan. Na'urarsu ta saba haka, sai ta riƙe shigar farko da fitar ƙarshe ta zubar da na tsakiya. Ina zuwa."

Ya zo gidan kuwa da yamma, da garin fulawa har a girarsa. Denzil ya tare ƙofa.

"Ba na ce kar ka zo ba?"

"An faɗa mini, yallaɓai. Minti biyar nake roƙo, sai ka kore ni."

Akwai kyamara a tagar shagonsa mai kallon mashigar filin. Ya buɗe hoton ranar a kwamfutarsa a kan teburin kicin. Ga mota ta fita takwas da minti ashirin. Ga ta ta dawo biyar da rabi.

Denzil ya gyara tabarau. Can ya ce, "Mayar baya. Wane ne wancan a bakin ƙofa?"

"Ni ne."

"Motar ta tafi tun ɗazu. Me kake kallo?"

Kunnuwan Jowan suka yi ja. Hoto na tafiya, mutum na tsaye da tawul a kafaɗa yana kallon titi, har wata tsohuwa ta zungure shi da lema.

"Kullum haka kake?"

"Kusan kullum."

Tsoho ya tura wa Tamsin makullin ba tare da ya ɗago ba. "Na zalunce ki, 'yata. Ɗora mana ruwan shayi. Kai kuma zauna, ni ban iya rubutun na'urar nan ba."

Tare suka rubuta ƙorafi. Kamfani ya ƙi. Suka kai gaban masu sauraron ƙara, kowace Lahadi Jowan na zuwa wai duba ko amsa ta iso, alhali ba a raba wasiƙa ran Lahadi. Wata uku aka yi kafin a soke tarar. Kafin nan Jowan ya riga ya nemi aurenta, Denzil ya ce sai dai in zai daina ba ta karkatattun pasti.

Ranar biki, da aka fito daga coci, tsoho ya damƙa musu ambulan. Takardun motar ne, ya mayar da su sunan Tamsin.

"Daga yau wasiƙunsu gidanku za su riƙa zuwa," in ji shi. Ya share ido. "Allah ya zaunar da ku lafiya, 'ya'yana. A dai riƙa duba agogo."