Haƙoran da Tukiran Ya Tono

Rana ta yi ja a bayan itatuwan kwakwar manja. Ngatini tana suyar kifi a madafa, mijinta Tukiran yana zaune a baranda yana goge injinsa na gano ƙarfe, sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Ba wanda ya ɗaga kai. Wani ya sake faɗowa, ya gangaro har gaban ƙafarsa. Da ya ɗauka sai ya ji shi jiƙe da baƙin taɓo, yana wani irin ɗoyi mai hawa kai. Ya jefar, ya goge hannu a zani, amma warin bai tafi ba.

Shi dai ya san inda ya taɓa jin wannan wari.

Tukiran mutum ne mai bin tsofaffin taswirori. Yakan samo na zamanin Turawan Holan, lokacin da duk ƙasarsu ta Deli gandun taba ce, ya gwada su da hoton ƙasa na wayarsa, ya nemo inda kanti ko mashigin jirgin fito ya taɓa zama. A irin wuraren nan mutane ke zubar da tsabar kuɗi. A watan jiya ya auna daga bakin kogi zuwa inda taswira ta nuna kantin leburori, ya manta cewa kogin ya sake hanya tun zamanin kakanni. Injin ya yi kuka, ya haƙa, sai ga muƙamuƙin mutum da haƙoran zinare a jiki. Maƙabartar leburorin ce. Ɗan halak zai yi salati ya mayar da ƙasa. Tukiran kuwa aljihu ya sa shi, ya zo gida ya zare haƙoran da filaya, ya kai wa maƙeri, aka yi wa 'yarsa tilo Wulan 'yan kunne. Tir da wannan kyauta.

Jifan ya zama na kullum, da zarar an kira magariba. Sannan abin ya koma kan yarinyar. Kunnuwanta suka kumbura suna zubar da mugunya, 'yan kunnen suka ƙi fita. Ta daina cin abinci, sai dai ta zauna a lungu tana tauna bakin banza, ƙaras, ƙaras, yawu na bin haɓarta. Haƙoranta suka fara girgiɗi. Ngatini kan toshe hanci da gefen mayafi kafin ta shiga ɗakin 'yar da ta haifa, ta fito tana kuka.

“Baban Wulan, yarinyar nan ruɓewa take yi da ranta,” in ji ta. “Me ka kawo mana gida?”

“Ni me zan kawo? Iska ce kawai.”

Ba ta ƙara tambayarsa ba. Ta tafi da ƙafarta ta kira Ustaz Syahril, limamin ƙauyen, wanda ya san aikin ruƙiyya.

Ya zo da almuru. Ya zauna a tabarma, ya sa uwar ta riƙe 'yar, ya fara karatu a hankali. Kwanon ɗaki ya yi tsit, hatta kwaɗin bayan gida suka yi shiru. Can Wulan ta ɗago kai. Muryar da ta fito ta tsoho ce, tana fita a lauye irin ta wanda ba haƙori a bakinsa.

“Ya isa, Malam. Kana ƙona ni.”

“Wane ne kai? Me yarinya ta yi maka?”

“Mai zaman maƙabartar ne ni. Tun da aka binne mutanen nan nake tare da su, ba su dame ni ba, ban dame su ba. Tambayi wancan mai injin abin da ke kunnen 'yarsa.”

Tukiran ya sunkuyar da kai. Aljanin ya faɗi komai, har filayar, har ƙarar da haƙori ya yi da ya ɓalle. Ngatini ta saki baki tana kallon mijinta.

“Haƙoranta zan ɗiba,” in ji muryar. “A maye min gurbin na mutumina.”

“Ba za ka taɓa ko ɗaya ba,” in ji Ustaz. “Ita ba ta tona kowa ba. Za a mayar da zinaren, a wanke ƙashin, a binne shi yadda ake binne ɗan Adam. Iyakar abin da za ka samu ke nan.” Ya juya. “Tukiran, ina ƙashin?”

Da ƙyar maganar ta fito. “Na jefa a tafkin tarwaɗa na bayan gida.”

Ngatini ta miƙe da gudu, ba ta kai ƙofa ba amai ya ƙwace mata. Daga tafkin nan take kamo musu abin miya kullum.

Tukiran ya shiga ruwan har ƙirji, yana lalube cikin taɓo da kashin kifi, tarwaɗa suna goga masa jiki, sai da yatsunsa suka taɓa abin. Yana fito da shi, 'yan kunnen suka faɗo da kansu a kan tabarma. Wulan ta yi wata doguwar atishawa ta kwanta. Washegari aka naɗe ƙashin da zinaren a farin ƙyalle, aka mayar inda suka fito.

Kunnuwa suka warke, haƙora suka tsaya. Ranar da za ta koma makaranta, Wulan ta durƙusa ta sumbaci hannun uwarta, kamar yadda kowane ɗa yake yi a ƙasarsu kafin ya fita. Tukiran ya miƙa nasa, wanda ya wanke da sabulu da lemun tsami har fata ta yi fari. Ta tsaya tana kallon yatsun.

“Baba, duk abin da ya faɗa da bakina, ina ji,” ta ce.

Ta gyara jakarta ta fita, hannun yana nan a miƙe.