Wanda Ya Zo Na Biyu

Kwalaben wake sun cika teburin falo, kowace an rufe bakinta da ƙyalle an ɗaure da roba, ƙwari na ta kai-kawo a ciki. Auta na durƙushe tana leƙa ɗaya daga ciki, sai wayarta ta yi ƙara. Ta duba, ta sake dubawa, ta miƙe zumbur har gwiwarta ta bugi tebur.

"Malam! Malam, fito ka gani! Wallahi ni ce — sun ɗauke ni!"

Mijin nata ya fito daga ɗaki da jan biro a hannu, domin takardun ɗalibai yake dubawa. Ƙaramin malami ne a jami'ar da take digirinta na biyu, kuma tsangayarsu ɗaya: shi yana binciken ƙasar noma, ita kuwa ƙwarin da ke cinye wake a rumbu. Wata gidauniya ce ta ware gurbi ɗaya tak ga matasan masu bincike na tsangayar: kuɗin makaranta, kayan aiki, da zaman wasu watanni a wani babban lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, a ƙasar waje. Malam ne ya fara ganin sanarwar. Shekara da shekaru yana neman irin wannan tallafi, kullum amsa ɗaya ce, a yi haƙuri sai wani karo. Da ya cika fom ɗinsa sai ya ce mata, "Ke ma jefa naki, ko ba komai kya koyi yadda ake rubutawa."

Ya karɓi wayar ya karanta imel ɗin har ƙarshe.

"Masha Allah, Uwar Ƙwari. Allah ya sa albarka."

Ya yi murmushi, amma murmushin bai wuce leɓe ba. Ya miƙa mata wayar ya koma ɗaki. Auta ta tsaya a tsakiyar falo da wayar a hannu, ta rasa ko murna za ta ci gaba da yi ko haƙuri za ta je ta ba shi.

Ta kira mahaifiyarta.

"Kuɗin waje? Alhamdulillahi!" in ji Umma. "A hannu za su ba ki ko ta banki?"

"Ba fa ba ni za su yi ba, Umma. Makaranta za a turawa, a sayi kayan bincike."

"To wace irin kyauta ce wannan da ba a taɓawa? Kuma duk a kan ƙwarin nan? Ni da na sani ai da tuni na tara miki nawa!"

Kafin yamma Umma ta gama buga wa dangi waya, kuma labarin yana tafe yana ƙiba. Washegari da hantsi aka yi sallama: Inna ce, mahaifiyar Malam, tare da Yaya Babba, yayar Malam, wadda ta sayar da keken ɗinkinta lokacin da zai shiga jami'a, kuma ba ta taɓa bari an manta da hakan ba.

Auta ta durƙusa ta gaishe su, ta kawo ruwa. Yaya Babba ko kallon kofin ba ta yi ba.

"Mun ji abin arziki. To yaushe za a gyara sunan?"

"Wane suna, Yaya?"

"Kin ji ta fa, Inna! Wa ya gano abin? Wa ya koya miki? Wa ya zauna ya rubuta miki? Shekara nawa yaron nan yana nema, sai ke daga jefawa sau ɗaya ki haye jirgi ki bar shi yana dafa wa kansa ruwan zafi? Ki je ki ce musu kuskure aka yi, na maigida ne!"

"Yaya, ba a yin haka," in ji Malam daga bakin ƙofa. "Ita aka ba."

"Kai rufe mana baki! Kunya ce za ta kashe ka."

Inna ta gyara mayafinta, ta yi magana a hankali. "Ni ban san bokon nan naku ba, 'yata. Abin da na sani, ɗana ya rame a kan neman abin nan. Ki duba dai. Ba na ce ki yi ba, ba kuma na ce ki bari ba."

Maganar Inna ta fi ta Yaya Babba zafi a zuciyar Auta, don da faɗa ne da ta san yadda za ta ɗauke shi. Bayan sun tafi ta samu Malam a ɗaki.

"Don Allah ka faɗa mini gaskiya. Me kake so in yi?"

"Ki yi abin da ya kwanta miki a rai."

"Ai ba abin da ya kwanta! Shi ya sa nake tambayarka!"

"Ba ni da ta cewa a wannan maganar, Auta."

Ya ja takardunsa ya ci gaba da dubawa. Ta lura shafi ɗaya yake kallo har ta fita.

Haka gidan ya koma. Ba faɗa, ba hira. Yana ci, yana gode mata, yana fita. Ita kuwa kanta ya ɗaure tamau. Ta sake kiran Umma tana kuka, Umma ta ce, "Kada ki kuskura ki saki abin da Allah ya ba ki!" Kafin su ajiye waya kuma ta ƙara da cewa, "Amma fa kada ki kashe aurenki a kan ƙwari." Farfesan da ke duba aikinta ya tare ta a baranda yana washe baki, ya ce ta fitar da tsangaya kunya, ta hanzarta neman fasfo. Yaya Babba kuwa kullum sai ta turo saƙon murya, kowane ya fi na jiya tsawo.

Abin da ya fi damunta, ta fara shakkar kanta. Shin da gaske shi ya rubuta mata? Ta buɗe kwamfuta ta karanta abin da ta tura tun daga farko. Ta tuna rumbunan da ta shiga, da manoman da ta zauna da su, da ƙaiƙayin da ya hana ta sukuni. Nata ne. Amma ga wani sakin layi da ya juya mata gaba ɗaya, ga wani tebur da ya ce ta cire. In da bai taɓa ba, da za su ɗauke ta? Ta rufe kwamfutar.

Ranar ƙarshe da aka ba ta ta sa hannun amincewa da tallafin ta matso. Da safe ta sa hijabinta ta nufi ofishin kula da bincike na jami'a, ta samu Sakatariya, wata dattijuwa mai tabarau a kan hanci, tana fama da injin buga takarda da ya cije.

"Hajiya, ina son in tambaya ne. Ana iya mayar da tallafin ga wani?"

"Ba riga ba ce, 'yata, da za ki ara wa wani. Ko ki karɓa, ko ki ce ba kya so."

"To in na ce ba na so fa?"

"Sai ya faɗa kan wanda ya zo na biyu." Sakatariya ta zare tabarau ta dube ta da kyau. "Tsaya. Bai gaya miki ba? Ai mijinki ne na biyun. Rana ɗaya aka tura muku saƙo."

Auta ta dafa bango. Ta yi godiya, ko ba ta yi ba, ba za ta iya tunawa ba. Ta fito ta bi hanyar ɗakin karatu, ta dawo, ta sake bin wata hanyar da ba ta kai ko'ina. Ashe ya sani! Ashe duk shirun nan jira yake ta gaji ta saki, ya ɗauka ba tare da ya roƙa ba? To in haka ne me ya hana shi goyon bayan Yaya Babba, ga hanya a buɗe? In kuma ba haka ba ne, me ya sa ya ɓoye? Wannan mutumin da ya riƙa ɗauke ta a babur zuwa ƙauyuka tana tara wake, shi ne zai yi mata haka? Kowace tambaya ta yi sai ta haifi wata.

Ta same shi shi kaɗai a lab, yana tankaɗe ƙasa da rariyar ƙarfe, hannuwansa sun yi futu-futu.

"Daga ofishin Hajiya nake."

Rariyar ta tsaya.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba? Kana kallo ina yawo kamar mahaukaciya, ban ci ba, ban yi barci ba — kai kuma ka san komai!"

Ya ajiye rariyar ya zauna a kan kujera mai tsawo.

"In na gaya miki, Auta, da a ranar za ki saki. Na san ki. In kuma na ce ki tafi, bakina ne zai faɗa, zuciyata ba ta faɗa ba, ke kuma za ki gane. Shi ya sa na yi shiru."

"Wato kana so."

"Ina so! Wallahi ina so!" in ji shi. "Kullum sai na buɗe kwamfuta zan rubuta musu in janye sunana, don kada ya zama kina da dalilin saki. Sai hannuna ya ƙi. In ce gobe. Ina jin kunyar kaina, ina jin kunyarki. Matata ta ci abin da na kasa ci, maimakon in yi murna ina kwance ina lissafin yadda zai dawo wurina."

Hawaye suka zubo mata. Ta zo da fushi, yanzu ta neme shi ta rasa.

"To ka karɓa mana. Ni yarinya ce, zan samu wani. Kai ka daɗe kana jira, kuma kai ka gyara mini..."

"Na gyara miki waƙafi da sakin layi ɗaya. Na karanta naki, na karanta nawa. Tun kafin mu tura na san naki ya fi. Abin da ban taɓa faɗa miki ba ke nan." Ya miƙe ya wanke hannu a famfo. "In na karɓa ta wannan hanyar, duk ranar da aka kira ni Dakta sai na ji kamar da ke ake. Taso mu je."

Tare suka koma ofishin. A gabanta ya rubuta cewa ya janye, a gabansa ta sa hannu cewa ta karɓa. Sakatariya ta buga hatimi tana girgiza kai, ta ce, "Ku dai yaran zamani, sai ku sa wa mutum hawan jini."

Daga nan gidan Inna suka wuce. Malam ya durƙusa ya faɗi komai, har da zancen na biyun, bai rage ba. Yaya Babba ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Wato abin yana bakin ƙofarka ka sa ƙafa ka ture? An gama da kai, wallahi an gama da kai! Keken ɗinkina ya tafi a banza!"

"Bai tafi a banza ba, Yaya. Karatun da kika biya mini ne ya sa na iya gane aikin da ya fi nawa."

Inna ta dube su su biyun. Sai ta kira Auta ta matso, ta kama hannunta.

"Da ma za ki bar masa?"

"Niyyar da na fita da ita ke nan, Inna."

"Shi kuma ya hana ki." Ta saki ajiyar zuciya. "To ni me ya rage mini? Ki je, Allah ya tsare. Ki riƙa kiransa dai, kin san ba ya cin abinci in ba a matsa masa ba."

Yaya Babba ba ta zo rakiya ba, kuma ta yi watanni ba ta amsa gaisuwar Auta a waya. Watannin ba su zo da sauƙi ba. Akwai ranar da kewa ta sa Auta ta fara haɗa kaya za ta dawo, Malam ya ce in ta dawo ba ta gama ba shi ma ba zai je tarbarta ba. Akwai ranar da shi ma ya kira muryarsa a dushe, wani abokin aiki ya yi masa ba'a a gaban mutane, ya ce da shi mijin Dakta, alhali ko digiri na biyun ba ta gama ba. Yana gama faɗa mata suka fashe da dariya tare.

A can ne ta ga ashe ƙofofin tallafi suna da yawa, rashin sani ne ya sa kowa ke cunkuso a guda ɗaya. Duk sanarwar da ta shafi binciken ƙasa sai ta tura masa. Ya nemi ɗaya, aka ce a yi haƙuri. Da ta dawo suka zauna tare a kan wata takardar neman tallafi, wannan karon ita ce riƙe da biro tana soke masa dogayen jimloli yana ƙorafi. Shekara ta zagayo, aka kira shi intabiyu, aka ba shi, na shekara uku cur, har da kuɗin ɗaukar ɗalibai su taya shi aiki.

Yaya Babba ce ta fara isowa yin murna, ta rungume Auta a bakin ƙofa tana faɗin, "Ni fa da ma na faɗa, yarinyar nan alheri ce a gidanmu!" Auta ta dubi Malam, Malam ya dubi silin, Inna ta rufe baki da mayafi.

Da Auta ta saki rabonta don tsoron bakin dangi, ko Malam ya karɓe shi don son zuciya, da tallafin ya ƙare cikin 'yan watanni, ƙullin kuwa ya zauna a tsakaninsu har tsufa. Mijin da ya iya danne kishinsa ya bar matarsa ta ci gaba bai yi asara ba, jira kawai ya yi. Ku kuma dangi, in Allah ya ɗaga ɗaya daga cikin ma'aurata, ku taya su murna su biyun, kada ku zama masu raba musu abin da ba su raba ba.